Kada mu ɓare irinmu tun shuka ba ta zo ba

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Manomin da ya san aikinsa ba ya ɓare gyaɗar iri sai ruwa ya ƙarato. Yana barinta cikin ɓawonta duk tsawon rani. Ko ranar ɓarewa ma a hankali ake yi, don idan jar fatar nan ta jikin ƙwayar ta saluɓe, sau da yawa ruɓewa take yi a ƙasa. 'Yar fatar da kake murjewa da yatsa biyu ka hure, ita ce ke tsare ran da ke ciki daga ƙwari da ruɓa.

Ku tambayi iyayenmu mata masu daddawa irin wahalar da kalwa take ba su. Sai ta daɗe a kan wuta, an ci itace mai yawa, kafin ɓawonta ya saki. Irin gawo kuwa, akuya za ta ci 'ya'yansa da rani, ya bi ta cikinta ya fito da ransa, ɓawon ya ɗan yi laushi, ga taki a shirye, yana jiran damina. Wa ya koya masa wannan jira? Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratul An'am, aya ta 95, Shi ne Mai tsaga ƙwayar hatsi da ƙwallon dabino. Shi Ya rufe, kuma Shi ke buɗewa idan lokaci ya yi.

'Ya'yanmu ma da ɓawonsu aka ba mu su, wato kunya. Manzon Allah (SAW) ya ce kunya reshe ce daga imani, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Abin da ke ci mini rai, da hannunmu muke ɓare ta. Yaro bai kai shekara 10 ba, an miƙa masa waya don ya bar kuka, ya shige ɗaki shi kaɗai, babu mai leƙa abin da yake kallo. Mu yi zance mai nauyi a gabansa, mu ce ai yaro ne bai san komai ba. Yarinya ta sunkuyar da kai gaban baƙi, mu yi mata dariya mu kira ta bagidajiya. Wallahi na ga uwa tana ɗaukar 'yarta ƙarama bidiyon rawa don a saka a TikTok, yarinyar tana rufe fuska da tafi, uwar tana janye mata hannu.

Ban ce a kulle yara ba. Iri ma sai ya shiga ƙasa ya sha ruwa. A ba su ilimi, a bari su san duniya gwargwadon shekarunsu, kana kusa da su.

Yau da daddare, Malam, karɓi wayar ɗanka ku duba tare, ba da faɗa ba. Hajiya, ranar da 'yarki ta rufe fuska, ƙyale mata hannunta.