Kafin a sayo tabarau, a auna Birni

Da ruwan saman watan Satumba na 2024 ya kwantar da tsohon masallacin Birni, tsohuwar unguwar fadar Damagaram (Zinder), ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, abin da ya rage wa yawancinmu hotunan waya ne da abin da ido ya riƙe. Tun ranar na daina ɗaukar maganar tabarau na kwamfuta a matsayin wasan 'ya'yan masu kuɗi.

Tabarau ne da ake ɗaurawa a fuska, mutum yana tsaye wuri guda ya tsinci kansa cikin wani zamani, duk inda ya waiga ya ga gini da mutane. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya gwada shi a 2015, ya shigar da maziyarta bukkar mutanen da suka rayu shekaru dubbai da suka wuce. Ina so yaranmu na lakwal su sami irin wannan a gidan tarihin Damagaram. Su ga ganuwar Sarki Tanimun a tsaye, su tari ayarin raƙuma a Zango, su zaga garin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1852.

Sai dai tabarau ba ya nuna gaskiyar abin da ba a auna ba. Da cocin Notre-Dame ta Faris ta ƙone a 2019, awon da aka riga aka yi mata da hasken lesa, lungu da saƙo, ya taimaka wajen gyara, har aka sake buɗe ta a Disamban 2024. Mu fa? Birni na cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'adu, tun 2006 don a sa su cikin kayan tarihin duniya, amma kowace damina sai ta ci zanko, ta wanke zanen bango.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. A ɗauki gini ɗaruruwan hotuna ta kowane ɓangare, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffarsa. Ɗaliban Jami'ar André Salifou za su iya, muddin tsofaffin magina da dattawan fada na gefensu suna faɗin sunan kowane soro da amfaninsa, da Hausa da Barbarci. In ba haka ba, wani daga nesa zai zana mana Damagaram da bai taɓa takawa ba.

Masu cewa garin da ke fama da ruwan sha ina ruwansa da tabarau, suna da hujja. Shi ya sa na ce a jinkirta sayen na'urar. Awon ne na gaggawa. Daga kaka zuwa watan Mayu bango a bushe yake, haske a wadace. A fara da fadar sarki da gidajen da ke kewaye da ita.