Ni Dai Aljanin Nake So

Masu karatun littattafan soyayyar aljanu kashi biyu ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Akwai masu cewa yarinyar ta bi aljanin, akwai masu cewa ta rufa wa kanta asiri ta auri ɗan'adam. Duk marubuciyar da ta san aikinta sai ta ajiye maza biyu a gaban yarinya 'yar shekara 17: ɗaya ya ba shekara 700 baya yana da fada a ƙarƙashin teku, ɗayan kuma likita ne ko soja. Idan ba a raba kan masu karatu ba, wa zai biya kuɗin littafi na biyu?

Auta ce ta ja ni cikin rigimar. Ƙanwar maigidana ce, ta gama sakandare ta zo wurinmu tana jiran sakamakon jarrabawa. Yarinyar da sai an yi da gaske take buɗa littafin makaranta, sai ga ta maƙale da waya har miya ta kama. Na fizge wayar don in ga wane mara kunyar ne yake hure mata kunne. Ashe littafi ne.

Ni ma fa ba baƙuwa ba ce a harkar. Namu na takarda ne, a karɓo haya a shagon unguwa a cusa tsakiyar littafin lissafi. Ina sakandare a 2007 lokacin da gwamnatin Kano ta tara irin waɗannan littattafai ta cinna musu wuta a bainar jama'a don gyaran tarbiyya. Yanzu kam sai dai a ƙona waya. Labaran sun koma Wattpad da WhatsApp, wasu ana karanta su a YouTube kamar yadda ake yi a rediyo. Marubuciya za ta ba ki shafukan farko kyauta, daidai inda aljani ya kira sunan yarinyar daga bayan labule ta tsaya cak, ta ajiye miki lambar asusunta.

Na tura ɗari biyar. Bincike nake yi.

Aljanin littafin, Yarima ake ce masa, ko kusa bai yi kama da wanda aka tsoratar da mu da shi muna yara ba. Babu kofato, babu tsamiya, babu marin mutum a bakin rijiya. Ƙamshi yake riga shi isowa. Idan kishi ya motsa idonsa ya rikiɗe ya koma kore. Idan yarinyar ta yi marmarin inabi, kafin ta rufe baki ya je Sham ya dawo. Abin da ya gama da ni kuwa shi ne, ko an ɗauke wuta a unguwar gaba ɗaya, fankar ɗakinta ba ta tsayawa. Duk macen da ta yi watan Afrilu a Kano ta san wannan ba ƙaramin so ba ne. Abokin takararsa kuma Dakta ne, ɗan ƙanwar babanta, wanda yake zuwa zance da ledar tsire ya zauna yana yi mata bayanin illar gishiri.

Auta 'yar ɓangaren Dakta ce ta gaban goshi, kuma da hujjojinta.

"Anti, tsaye fa yake a kanta tana barci. Wannan ba so ba ne, sa ido ne. To kuma ina za a kai jere? 'Yan kai amarya su bi ta ina? In ya sake ta, gaban wane alƙali za ta kai shi?"

Ita ce ma ta ba ni labarin cewa Turawa sun riga mu wannan faɗan. Littafin Twilight ya fito a Amurka a 2005, aka yi fim ɗinsa a 2008, 'yan mata suka rabu gida biyu har da buga riguna: masu son saurayin da yake shan jini da masu son wanda yake rikiɗa kyarkeci. Mai shan jinin an haife shi a 1901, amma tun 1918 yake ɗan shekara 17, yana nan zaune a ajin sakandare. Na ce ai wannan tsohon banza ne, sa'an kakan kakanta. Auta ta ce, "To naki fa mai ɗari bakwai?" Na ce ta tashi ta duba mini wake.

Ana cikin haka Hajiya, mahaifiyarsu, ta zo daga gida ganin likitan ido. Idon ne kawai da matsala, kunnen ras yake.

Ran nan bayan Isha'i ina ɗaki muna waya da yayata, wadda ita ma na jefa ta ciki ta kuma ci amanata ta koma wurin Dakta. Musu ya yi zafi, na ɗaga murya.

"Yaya, ki ƙyale ni, ni dai aljanin nake so! Kullum dare sai ya zo, ba ya fashi. Wancan kuwa kullum yana wurin aiki, in ya dawo ya ce ya gaji. Ga shi shi ba uwar miji a kusa, ba dangin miji."

Na ji buta ta faɗi a tsakar gida. Na ɗauka kyanwa ce.

Hajiya ba ta ce mini uffan ba. Da safe dai na ga ruwan wankana ya yi kumfa, ashe garin magarya ne. 'Yar rediyonta mai katin ƙwaƙwalwa ta dawo bakin ƙofata, Suratul Baƙara tun hantsi har Azahar. Na ji daɗi ma, na ce Hajiya ta fara so na. Da yamma ta zaunar da ni tana tsintar shinkafa, tana tambaya a hankali ba tare da ta dube ni ba.

"Ke 'yar nan, kina samun barci kuwa?"

Na ce gaskiya sai wajen ƙarfe biyu.

"Ciwon kai fa, bayan La'asar?"

Na ce kamar kin sani, Hajiya.

"Mafarkin ruwa?"

To mutumin da ya kwana yana karanta fadar ƙarƙashin teku, mafarkin me zai yi? Na ce jiya ma na yi. Ta ajiye tiren ta ce, "Innalillahi." Ta ce ta kuma lura ina dariya ni kaɗai, wani lokacin har da share hawaye.

Washegari maigidan ya dawo da wuri, fuskarsa a ɗaure, bayansa wani malami da jaka. Aka shimfiɗa tabarma a falo, aka ce in sa hijabi in zauna. Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Aka sa Auta ta riƙe mini kafaɗa saboda kada in zabura.

Na raɗa mata, "Ki faɗa musu littafi ne."

Ta san in ta buɗe baki wayarta ta tafi kenan, Hajiya a turmi za ta daka ta. Amma ba wannan ne ya dame ta ba. Ta sunkuyo daidai kunnena ta ce, "Ki ce Dakta ya fi."

Ku duba fa. Yarinyar da nake ba abinci.

Na ce, "Allah ya kiyaye."

Malam ya yi karatu mai daɗi, Fatiha, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, ni kuwa ina zaune lafiya lau. Da ya ida ya dube ni ya ce, "Kai wane ne? Me ya kawo ka jikin baiwar Allah?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ce."

Hajiya ta ce, "Haka suke yi. Wayo gare su."

Na ce bari in warware zancen tun daga tushe. "Malam, shi fa Yariman nan..."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Kun ji ko! Har sunansa ta sani. Jinin sarauta ne, su ne masu taurin kai."

Malam ya gyara zama. "Musulmi ne ko kafiri?"

A nan ne ya kamata in ce babu shi, ƙagaggen labari ne. Amma sati nawa na yi ina kare mutuncin bawan Allahn nan a wurin Auta da yayata, bakina ya riga ya saba. Na ji kaina ina cewa, "Musulmi ne mana. A Makka ma yake sallar Juma'a."

Maigidan ya cire hula ya riƙe a hannu. Auta ta cusa fuskarta a bayana, kafaɗunta suna rawa, Hajiya ta ce Allah sarki, yarinya tana kukan tausayi.

Aka kawo kasko da garwashi, aka barbaɗa habbatussauda da tazargade, aka lulluɓe ni da zanin gado. Ni da ko turaren wuta ya yi yawa sai na fita ɗaki. Na daure, na daure, hancina ya ƙi. Na saki wata atishawa da sai da kaskon ya yi tartsatsi, wata ta biyo, wata ta biyo.

"Alhamdulillahi!" in ji Hajiya. "Ya fita."

Don Allah a yi wa malamin adalci. A zaure ya gaya wa maigidan shi bai ga alamar komai ba, a dai sa ni in riƙa azkar in kuma riƙa barci da wuri. Amma Hajiya ta ji atishawa da kunnenta, magana ta ƙare. Kafin Magariba labari ya isa gida. Gwaggonnin maigidan suna ta kira ɗaya bayan ɗaya, "Sannu, ashe abin da ya faru kenan. Dama mun ga kin rame." Wata ta ce tun ranar biki ta lura da yadda nake kallon mutane.

Da dare na nuna wa maigidan wayar. Ya yi dariya har da tari. Shi ɗan kashi na uku ne, waɗanda ba su taɓa karanta ko shafi ɗaya ba amma sun fi kowa ra'ayi. Ya jawo mini aya ta 72 a Suratun Nahli, cewa daga jinsinmu Allah ya sanya mana abokan aure, don haka littafin tun daga tushe a rushe yake. Na ce na ji. Ya yi shiru can, sai ya ce, "Shi wancan da kullum yana wurin aiki, in ya dawo ya ce ya gaji, wa kike nufi?" Na ce Dakta. Ya ce, "Hmm." Washegari dai ya kira mai gyaran janareta.

Mu uku muka yi shawara kada a gaya wa Hajiya gaskiya, don kuɗin sadakar malam daga lalitarta ya fito, kuma tana ji da wannan nasara. Kafin ta koma ta kafa doka: kada a bar ni ni kaɗai, irinsu suna dawowa. Auta aka naɗa mai gadi. Haka muka ƙarasa littafi na biyu kafaɗa da kafaɗa, mai gadi da majinyaciya, waya ɗaya a caji ɗaya a hannu.

Marubuciyar kuwa ba ta bar kowa da daɗi ba. A shafin ƙarshe aka kama Yarima aka ɗaure a fadar ubansa, yarinyar ta haƙura ta auri Dakta, daren farko ta tarar ashe yana da mata da 'ya'ya biyu a Kaduna. Masu karatu suka yi caa. 'Yan Yarima suna Allah ya isa, 'yan Dakta suna cewa sharri aka yi masa, ba halinsa ba ne, wasu na neman a dawo musu da kuɗinsu. Ita ko ko a jikinta. Ta bari sai da aka gaji, ta sanar da cewa littafi na uku ya kammala, naira dubu ɗaya.

Auta ba ta da ko sisi, kuɗin datarta ma ni nake saka mata. Ta zo ta durƙusa a gabana tana murza yatsu, "Anti, don Allah."

Na gyara zama na ce, "Ki ce Yarima ya fi."