Furen Sukari a Tsakiyar Marka

Duk wanda yake zuwa gidajen biki a Zariya a 'yan shekarun nan ya san cewa ba a taɓa kek sai an gama ɗaukar hoton furannin da ke samansa. Furannin nan da sukari ake yin su, ana kuma cin su, kuma ni da na daɗe ina gasa kek a gida ban ga dalilin da zai sa in biya wata kuɗi ta yi mini abin da yatsu ne kawai ke murzawa ba. Saboda haka da aka sa ranar walimar saukar Alƙur'ani ta 'yar yayar maigidana a cikin watan Agusta, sai na miƙe a gaban dangi na ce kek ɗin yana wuyana, kuma zai zo da jajayen furannin wardi na sukari. Surukata, wadda duk gidan ke kira Hajiya, ta dube ni ta ce, "A cikin markar nan, 'yar nan?" Na ɗauka zancen hanya take yi, na ce mata ai akwai Keke Napep mai labule.

A kasuwar Sabon Gari na haɗo kayan aiki: garin sukari mai laushi da ake kira aisin shuga, da jilatin, da ruwan gulukos, da gilisarin, da kala ja da koriya, da wani farin gari da ake kira CMC. Jilatin ne ke sa ƙullin ya yi danƙo ya miƙu, gulukos da gilisarin suna hana shi tsagewa, shi kuwa CMC aikinsa shi ne ya sa fure ya bushe ya tsaya da ƙafarsa, kuma ƙaramin cokali ɗaya ya isa ƙulli mai nauyin giram 500. Matsalar farko a kan jilatin ta taso, domin maigida ya ji cewa daga fata da ƙasusuwan dabbobi ake samo shi, wani na saniya, wani na kifi, wani kuma na alade. Ya karɓe fakitin, ya sa tabarau, ya zauna yana karanta ƙananan rubutun da ke bayansa da natsuwar da ban taɓa ganin ya karanta takardar kuɗin makarantar yara da ita ba, bai sake shi ba sai da ya ga tambarin halal.

Haɗin kansa bai ba ni wahala ba. Ana jiƙa jilatin a ruwa, a narkar da shi a kan tururin ruwan zafi ba tare da ya tafasa ba, a zuba gulukos da gilisarin, sannan a juye a cikin garin sukari a yi ta murzawa. Wahalar tana wurin kala. Farin ƙulli ba ya yarda ya zama ja cikin sauƙi, sai ya tsaya a ruwan hoda, ana ƙara kala yana shanyewa, har na ƙarar da kwalbar gaba ɗaya, rabi a cikin ƙullin, rabi a tafin hannuna. Maƙwabciyata da ta shigo aron rariya ta kama hannuna ta juya shi, ta ce, "Maman yara, duk wadda ta yi miki wannan lallen, Allah ya isa."

Daga nan na shiga ƙirar furanni, kuma a nan dole in yabi kaina. Ana fara murza ɗan ƙulli mai tsini a matsayin zuciyar fure, sannan a riƙa daddanna ƙananan ƙwallaye su yi faɗi, a sirantar da bakinsu, a naɗa su ɗaya bayan ɗaya a jikinta. Masu sana'ar da siririyar waya suke yin kara, amma da yake yara ne za su ci, sai na yi amfani da ɗanyar taliya. Da na jera su a faranti da daddare, maigida da kansa ya tsaya ya ce, "Masha Allah," ya kuma tambaya ko akwai abincin dare, domin ban dafa komai ba.

A ƙa'ida fure yana bushewa cikin awa 24. Abin da ƙa'idar ba ta faɗa ba shi ne, sukari yana zuƙar danshin iska, kuma Agusta shi ne watan da ruwan sama ya fi yawa a Zariya, lokacin da danshin iska kan haura kashi 70 cikin 100, gishiri ma ya dunƙule a cikin gwangwani. Da gari ya waye na tarar furannina sun sunkuyar da kai, leɓunansu sun zazzago, suna ƙyalli. Na kunna musu fanka, fanka ta yi aikin rabin awa, aka ɗauke wuta. Na koma fifita su da maficin kaba, ina zaune a gabansu kamar mai jinyar mara lafiya, yara suna leƙowa suna tambaya a hankali ko sun ji sauƙi.

Maƙwabciyar tawa ce ta dawo da rariya tare da shawara, ta ce in sa su a firji idan an kawo wuta. Na sa, suka kuwa yi tauri, na yi hamdala. Amma abu mai sanyi idan ya fito cikin iska mai ɗumi da danshi raɓa ce ke sauka a kansa, don haka ina fito da su suka fara zufa, jan ruwa yana gangarowa daga kowane fure. Kafin la'asar labari ya kai ga kiyashi. Na tsoma ƙafafun teburin a cikin kwanoni huɗu na ruwa yadda iyayenmu ke yi, kiyashin suka tsaya a bakin kwano suka yi shawara, suka hau bango, suka biyo igiyar cajar waya da ke jingine da teburin. Waɗanda suka tsira daga kiyashi kuma ƙaramin ɗana ya rage musu yawa, ya zo yana rantsuwa bai taɓa ba alhali bakinsa ja wur har haɓa.

Ranar walima na lulluɓe kek da farin fondan, wato shimfiɗaɗɗen ƙullin sukari, na dasa abin da ya saura a kansa, na rungume shi a cinya a cikin Keke daga Tudun Jukun zuwa cikin birni. Muna isa Ƙofar Doka ruwa ya kece, labulen da na yi alfahari da shi kuwa ashe gefe ɗaya kawai yake da shi, kuma ba gefena ba ne. Da aka buɗe kwalin a tsakar gida, mata suka kewaye shi shiru. Wata gwaggo ta gyara tabarau ta ce, "Ikon Allah, yanzu har tumatir ake sa wa kek?" Yayar maigidana, mace mai kara, ta ce ai sabon yayi ne, ta yi maza ta sa wuƙa kafin kowa ya fito da waya. Yara dai sun cinye tas har da taliyar.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta kira ni gefe ta ce mahaifiyarta ta yi sana'ar alewa shekara da shekaru, kuma ba ta taɓa yarda ta ajiye alewa a buɗe da damina ba, ko mazarƙwailar Maƙarfi ma jiƙewa take yi a wannan lokaci. Ta ce, "Ki bari sai hunturu ya kama, 'yar nan."

Da Disamba ta zo aka haifa wa ƙanin maigida ɗa, na sake ɗaukar kek ɗin suna. Wannan karon na ce ba za a yi biyu ba, na ninka CMC har sau uku. Iskar hunturu kuwa ba ta da ɗigon danshi, ƙulli yana bushewa tun yana hannu, sai da na riƙa rufe shi da leda ina ciro kaɗan-kaɗan, amma furannin suka fito tsaf, suka bushe tun kafin a kira sallar isha'i. A wurin suna aka yi ta ɗaukar hoto, sai Kawu, wanda ya ji an ce ana ci, ya ɗauki mafi girma ya kai baki. Ƙarar da ta fito har zaure an ji ta. Ya fito da furen lafiya lau, ko kwarzane babu, ya shafa muƙamuƙinsa, ya ce a ba shi ruwan ɗumi.

Hajiya ta sa aka tattara furannin aka goge, ta jera su a cikin kabad ɗin gilashinta tare da tangaran ɗin da ba a cin abinci a ciki. Baƙi sukan tsaya su yaba, wasu su tambaye ta ko daga Makka ta zo da su, ita kuwa ba ta cewa e, ba ta cewa a'a, sai ta ce a sha ruwa.