An sayar min da mota da makullin da ba ya buɗe ƙofa

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Sati uku na yi a Kaduna wajen aiki, na dawo Kano daren Lahadi. Da asubar Litinin Hajiya ta tashi da ciwon ƙirji. Na fito a guje na danna rimot, shiru, ko fitila ba ta ƙifta ba. Batirin motar ya mutu murus. Motar zamani ko a ajiye take, kwamfutarta tana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan, ga sanyin hunturu ya ƙarasa shi.

Da farko hankalina bai tashi ba, don Toyota ta yi tanadin irin wannan rana. A cikin rimot akwai siririn makullin ƙarfe, ka zare shi ka buɗe ƙofar direba da hannu. Na zaro nawa, sai na gan shi sumul, ko tsaga ɗaya babu, ba a taɓa yanka shi ba! Ashe rimot ɗin ba na asali ba ne. Wani aka sayo aka saita da motar, aka bar ƙarfen yadda ya zo. Shekara biyu ina yawo da shi a aljihu.

Batir yana ƙarƙashin bonet, abin buɗe bonet yana cikin mota, mota kuma a kulle. A Adaidaita Sahu muka kai Hajiya asibiti, ta dafe ƙirji, iskar asuba tana dukanta, ina kare ta da babbar rigata.

Da na kira dillalin da ya sayar min da motar, sai ce min ya yi, "Alhaji, ai haka 'yan Kwatano suke zuwa, a yi haƙuri." Haƙurin me? Ranar ciniki ya nuna min taya, ya kunna min esi, ya rantse komai lafiya. Kuɗinsa kuwa ko naira ɗaya ban rage ba. Me zai ci masa in ya ce makullin nan yana buƙatar yanka?

Maƙwabta suka ce a fasa gilashi, na ƙi. Wani yaro ya zura waya ta saman ƙofa, ya yage min roba a banza. Sai azahar mai wayarin ya zo, ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya maƙala batir mai bolt 12 a kan ƙatuwar wayar kik, wato abin da ke tayar da inji, ɗaya bakin a jikin ƙarfen mota. Nan take rimot ya amsa.

Mai yankan makulli ya ce sai ya kwance kan makullin ƙofar kafin ya fitar da tsagar. Gobe da safe ina bakin shagon dillalin nan da rasit a hannu, kuma shi zai biya.