Kacici-kacicin da ke zuwa da shaidarsa

Akwai wani wasan ƙwaƙwalwa da nake ganin ya kamata malaman Hausa na makarantunmu na karkara, tun daga ƙauyukan Ringim da Taura har zuwa na Ajingi da Albasu, su ɗauke shi da muhimmanci, domin ya dace da harshenmu fiye da yadda mutane da yawa za su yi zato. Wasan shi ne na cike gurbin kalmomi da ake bugawa a jaridu, inda ake zana ƙananan gidaje a jere, wasu a kwance wasu a tsaye, kowane gida yana ɗaukar harafi ɗaya, kalmomin kuma suna ratsa juna. Amma ba kowane irinsa nake nufi ba. Wanda nake magana a kai shi ne mai ɓoyayyar ma'ana, wanda kowace tambaya a cikinsa kacici-kacici ce mai zaman kanta.

Wani mutumin Liverpool mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga wasan cike gurbi a jaridar New York World ta Amurka a ranar 21 ga Disamba, 1913, kuma tambayoyinsa kai tsaye suke: a ba ka ma'ana, ka kawo kalma. A Ingila aka mayar da shi fagen dabara. Edward Powys Mathers ya fara tsara masu wuyar warwarewa a jaridar Observer a 1926, jaridar Times ta Landan ta soma buga nata a 1930, sannan Derrick Macnutt, wanda ya gaji Mathers a 1939 yana sa hannu da laƙabin Ximenes, ya shimfiɗa ƙa'idojin adalci da masu tsara wasan suke bi har yau. Jigon ƙa'idojin shi ne cewa mai tambaya yana da damar ya karkatar da hankalinka, amma ba shi da damar ya yi maka ƙarya, kuma kowace kalma da ya saka a cikin tambayar dole ta kasance tana da aikin da take yi.

Mu ba baƙin kacici-kacici ba ne. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya zauna a tsakar gida bayan sallar isha'i an ce masa ƙulun ƙulufit ya ce gauta, an ce shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya ya ce tsintsiya, an ce tsumagiyar kan hanya fyaɗe yaro fyaɗe babba ya ce yunwa, wanda ya kasa kuma ya ba da gari kafin a faɗa masa amsa. Ina ƙaunar wannan gadon, kuma ina jin ciwon yadda yake ja da baya a gidajenmu. Sai dai akwai gaskiyar da ya kamata mu faɗa game da shi: yawancin yara ba warware shi suke yi ba, haddace shi suke yi. Yaron da ya ce yunwa ya faɗa ne domin ya taɓa jin yayarsa ta faɗa, wanda bai taɓa ji ba kuwa ba shi da wata hanya ta tabbatar da cewa amsarsa daidai ce sai mai tambaya ya yarda. Idan ya ce barci maimakon yunwa, alhali barci ma yana kayar da yaro da babba, hujjar da za a ba shi kawai ita ce ba haka aka gada ba.

A nan ne kacici-kacicin jarida ya bambanta, kuma wannan bambancin ne dalilin wannan rubutu. Kowace tambaya tana da sassa biyu. Sashe ɗaya ma'anar kalmar ce kai tsaye, kuma yana zuwa ne a farkon jimla ko a ƙarshenta. Ɗaya sashen kuwa dabara ce da ke nuna yadda za a gina kalmar daga haruffa ko gaɓoɓi. A ƙarshe sai a rubuta adadin haruffan amsar. Sassan nan biyu kamar shaidu biyu ne a gaban alƙali: idan maganarsu ta zo ɗaya, hukunci ya tabbata, kuma mai warwarewa ba ya bukatar kowa ya ce masa ya yi daidai.

Ga misali da na tsara da Hausa: "Rani ya rikice, ga mai harbi (4)". Wanda ya karanta jimlar a yadda ta zo zai tafi tunanin zafin bazara da maharba, kuma can ne mai tambaya yake so hankalinsa ya tafi. Wanda ya san wasan kuwa zai tsaya a kan "ya rikice", domin irin wannan lafazi alama ce da ke cewa a birkita haruffan kalmar da ke kusa da shi. Idan aka birkita r, a, n, i sai a samu rina, rina kuwa tana harbi. Dabara ta ba da rina, ma'ana ta ba da rina, adadi ya ba da huɗu. Fasaha ta farko da mai koyo yake bukata ita ce ya daina yarda da labarin da jimlar take bayarwa, ya tsinka ta gida biyu, ya tambayi kansa ina ma'ana ta ƙare, ina dabara ta fara.

Akwai kuma dabarar haɗa ƙananan kalmomi su ba da babba. "Bijimi ya haɗu da shekarar da ta wuce, ga tsiron daji (6)". Bijimi shi ne sa, shekarar da ta wuce ita ce bara, idan suka haɗu sai sabara, wadda babu manomin da bai sare ta a sharar gona ba. Akwai ta ɓoye amsa a tsakanin kalmomi, kamar "Sai ka noma, birni yana ciki (4)", inda duk wanda ya bi haruffan "ka noma" da yatsa zai ga Kano a zaune.

Amma inda Hausa ta fi wadata, kuma inda nake so a daɗe ana tunani, shi ne tambaya mai ma'ana biyu. Rubutun boko da muke amfani da shi ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Masu nazarin harshe sukan ɗauki wannan a matsayin giɓi, kuma ga baƙon da ke koyon Hausa giɓi ne babba, amma ga mai tsara kacici-kacici arziki ne da ba ya ƙarewa. Dubi wannan: "Abin kwanciya da mamaci ya bari (4)". Jimlar tana kama da maganar abu ɗaya, alhali abu biyu ne: abin kwanciya gado ne, abin da mamaci ya bari ma gado ne. A baki sun bambanta, domin wasalin farko gajere ne a ɗaya, dogo a ɗayan, amma a kan allo haruffansu ɗaya. Haka "Wahala a ƙasan kai (4)" take ba da wuya, "Aikin jariri a cikin miya (4)" take ba da kuka, "Tuwo ba miya a wani garin Kano (4)" take ba da Gaya. Yaron da ya warware ɗaya daga cikin waɗannan ya gano da kansa abin da darasin karin sauti yake wahalar fahimtar da shi, wato cewa abin da kunne yake rarrabewa ba lallai ne alƙalami ya rarrabe shi ba, kuma mai karatu nagari shi ne wanda yake duba kewayen kalma kafin ya furta ta. Wannan ne ma ya sa wasan ya fi dacewa da boko a kan ajami, tunda a ajami akan nuna dogon wasali, sai gadon kwanciya da gadon mamaci su rabu tun a rubuce.

Ba duk dabarun Turawan Ingila ne za su karɓe mu ba, kuma bai kamata mu tilasta su ba. Suna yawan juya kalma daga harafin ƙarshe zuwa na farko, amma kusan dukkan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka idan ka juya gona sai ka samu abin da ba Hausa ba. Abin da ya dace da mu shi ne juya gaɓa: goro ya koma rogo, tafi ta koma fita, daka ya koma kada, rama ta koma mara. "Daka ya juya baya, ga dabbar ruwa (4)" tambaya ce da yaron aji huɗu zai iya kamawa, musamman a wuraren da yara suka saba wasa da gaɓoɓi a zaurance domin su ɓoye maganarsu.

Na san za a ce yaran da da yawansu suke fama da haɗa baƙi da wasali ba su kai ga wannan ba, kuma abin da suke bukata karatu ne, ba wasa ba. Ina ganin akasin haka ne. Wasan yana tilasta wa yaro ya ƙirga haruffa, ya duba kowane ɗaya, ya san cewa kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, baki da baƙi ba ɗaya ba ne, domin idan ya saka k a gidan ƙ, kalmar da ta ratso daga sama ba za ta zauna ba. A wannan zamani da rubutun waya ya sa har manya suka yi watsi da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, ban san wani aikin aji da yake hukunta wannan sakaci nan take kamar gidajen wannan wasa ba. Kuma ba ya bukatar lantarki ko kuɗin data, allo da alli sun isa, a inda babu allo ma ana iya zana gidajen a ƙasa. Masu ganin aikin banza ne su tuna cewa a 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, bayan wata gasa da jaridar Daily Telegraph ta shirya, hukumomin Birtaniya sun tuntuɓi wasu daga cikin waɗanda suka yi fice domin aikin warware saƙonnin sirri na abokan gaba.

Abin da nake roƙon 'yan uwana malamai shi ne mu riƙe adalci tun daga farko, domin tambayar da aka cusa mata kalmomin ado marasa aiki, ko aka ba ta ma'anar da mai tambaya kaɗai ya sani, tana koya wa yaro cewa amsa a hannun malam take, abin da muke gudu ke nan. Sannan mu daidaita kan abu biyu. Na farko, a tsaya a kan daidaitacciyar Hausa wajen rubuta amsa, ko da furucin Haɗejiya ko na Gumel ya ɗan bambanta, domin gidajen su yi daidai a hannun kowa. Na biyu, a yanke shawara game da sh da ts. Ni ra'ayina kowannensu ya zauna a gida ɗaya, tunda a matsayin baƙi ɗaya muke koyar da su a aji ɗaya, wanda hakan ke nufin Dutse za ta ci gida huɗu, tsintsiya kuma gida bakwai.