Har kokwamba agogon Baffa ya auna wa hawan jini

Wai bayan abin da ya samu Baffa ranar Laraba har yanzu akwai masu kare agogon hannun nan da ake cewa yana auna hawan jini? To ku matso.

Mutum ya shekara takwas yana shan maganin hawan jini, rana ɗaya ya ajiye saboda agogon dubu goma sha biyu ya ce masa 120 bisa 80, wato jininsa lafiya lau. Ya ci kilishi, 120 bisa 80. Ya yi faɗa da ɗan haya, 120 bisa 80. Sai da jiri ya kwashe shi a ƙofar masallaci a Gwammaja aka ɗaura masa abin awo na asibiti, ya nuna 190. Allah ne ya taƙaita, da yanzu maganar shanyewar ɓarin jiki muke yi.

Da na je dubiya na ce, "Baffa, ku ba ni agogon in gani." Na ɗaura wa kokwamba. Wallahi sai ga bugun zuciya 76, jini lafiya lau. Madalla da wannan baiwar Allah, ko gishiri ba sai ta rage ba.

Agogo ba likita ba ne. Koren hasken da kuke gani yana ƙyaftawa a bayansa fata yake haskawa, ya lura da yadda jini ke ƙaruwa da raguwa a jijiya, daga nan ya ƙirga bugun zuciya. Iyakar abin da na kirki ya fi iyawa ke nan. Hawan jini wata magana ce daban. Ko agogon Samsung da ke auna shi, sai an daidaita shi da abin ɗaurawa a dantse duk mako huɗu. Shi kuwa na Baffa da ko sunan kamfani babu a kwalinsa, da me aka daidaita shi? Da addu'a?

Na san za a ce ai fasaha ta ci gaba, ni ne baƙauye. Naji. Tun 2018 Apple Watch ke ɗaukar awon zuciya na ECG, amma su kansu masu shi sun rubuta cewa ba ya gano bugun zuciyar da ke kai mutum ƙasa farat ɗaya. Masu ciwon suga ma suna da FreeStyle Libre da ake mannawa a hannu kwana 14, sai dai shi akwai ɗan siririn tsinke da ke shiga ƙarƙashin fata. A Fabrairun 2024 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito fili ta ce kada a yi amfani da agogo ko zoben da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Amma mai shago ya rantse wa Baffa nasa har suga yana aunawa, Baffa kuma ya ga yaron da tabon sallah a goshi.

Maganar gaskiya, ban ga laifin tsohon sosai ba. Layin asibiti da tsadar magani sun gajiyar da mutane, kowa na son a ce masa ya warke. Don Allah wanda ya saya wa iyayensa irin wannan agogo ya zauna ya yi musu bayani. Su ƙirga taku da shi, su duba lokacin sallah, amma kada a ajiye ƙwaya ɗaya sai likita ya ce. Agogo ba likita ba ne, ko nawa aka saye shi.

Ƙirgen takun ma dai. Jiya na hau adaidaita daga Kurna zuwa Sabon Gari, ina zaune ban motsa ƙafa ba, nawa agogon ya rubuta min taku dubu biyu saboda ramukan hanya. Har yana taya ni murna. Kuma direban bai da canjin ɗari biyu.