Garka a gida, a garin da ake sayen ruwa da bido

Jiya na sa hoton salatin da ke bayan ɗakinmu, sai wani abokina ya ce: "Malam, a Damagaram? Ruwan sha ma sai an yi gadin famfo da tsakar dare, kai kuma ganye kake shayarwa?" Na yi dariya, don shekara huɗu da suka wuce ni ma bakina ke nan.

A kan ruwa dai gaskiyarsa ce. Garin nan a kan dutse yake zaune, duk wanda ya taɓa haƙa rijiya ko shadda a tsohuwar unguwar Birni ya san inda diga ke tsayawa. Ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga su Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma in bazara ta kama akwai unguwannin da famfo ke yin kwanaki bai ce uffan ba. Matsalar ta girme mu duka, tana ma cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan sama kuwa bai cika wuce milimita 400 da wani abu a shekara ba, shi ma cikin wata uku zuwa huɗu yake zubowa, mafi yawa a Agusta.

Duk da haka, garkokin gida da na ga sun mutu a unguwarmu, har da tawa ta farko, ba ƙishirwa ce ta kashe su ba. Haɗama ce da rashin sanin lokaci.

Tawa a watan Maris na fara ta. Na ga wani a waya yana tsinkar tumatir a buhu, na shiga kasuwar Dole na sayo iri, na dasa gindi talatin. Kullum sai na sayi bido biyu saboda su, lokacin bido guda ya kai dala ashirin a unguwarmu. Suka yi kore shar, suka yi fure, ina ta kiran maƙwabta kallo. Sai furen ya riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, shiru. Uwargida ba ta ce komai ba, amma duk ranar da ta aiki yaro sayen tumatirin miya sai ta faɗi kuɗin da ƙarfi yadda zan ji.

Wani dattijo ɗan Mirya da ke kawo kayan garka bakin layinmu na roƙa ya shigo ya duba. Ya tsaya ya kalle su, ya kalli rana, ya ce: "Yaro, wa ya aike ka? Mu da muka gaji abin nan, yanzu tattara kaya muke yi." Na ce, "Baba, to magani fa?" Ya ce maganinsa Oktoba. Daga baya na gane dalili: zafi in ya haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furen tumatir ba ya ɗaukar ɗa, zubewa yake. A nan kuwa Afrilu da Mayu sama da 40 muke sha. Ko tanki na juye musu, ganye zan girbe.

Tun daga nan na daina faɗa da shekara. Aikina yana farawa ne da kaka, ƙarshen Oktoba, in an gama yankan gero kuma iskar safe ta fara sauyawa. A tsohuwar robar wanki da ta tsage nake zuba iri, cikin ƙasa da yashi da takin awaki wanda ya ruɓe ya zama baƙi. Ɗanyen taki kada ku kusance shi, yana ƙona saiwa kuma yana gayyato gara. Bayan sati uku zuwa huɗu sai dashe, kuma da la'asar sakaliya ake yi, don tsiron ya kwana cikin sanyi kafin ya gamu da rana. Karoti da kuɓewa ba sa son dashe, inda za su zauna nan ake shuka su. Fangalin kuma a nutse nake yin sa, ƙasa da daɓen gida kamar tafin hannu, da ɗan gefe kewaye. Tudun kunya da ake gani a hotunan ƙasashen ruwa ba namu ba ne: su gudun ruwa suke yi, mu riƙe shi muke nema.

Yanzu ga maganar abokina. Ban ƙara sayen bido ko ɗaya don garka ba. Mu takwas ne a gidan, salla biyar a rana. Na ajiye babbar roba a wurin alwala, kowa a kanta yake yi. Aka haɗa da ruwan wankin shinkafa, na surfen gero, na ɗaurayar kayan miya. Da na auna, kullum muna tara abin da ya kusa cika bidon lita 25, ruwan da dā rariya ke kwashewa zuwa lungu ya zama caɓi da gidan sauro. Girman garkar a kan wannan ruwan na yanka shi: fangali uku, kowanne taku biyu a taku ɗaya, sai 'yan buhuna jikin katanga. Mutane kan fara da fili, su cika shi da shuka, sannan su shiga neman ruwa. Ka fara auna ruwan da gidanka ke zubarwa, shi zai faɗa maka iyakarka.

Ba kowane ruwa ba ne dai. Na omo da na wanka ban yarda da su ba, gishirinsu na taruwa a ƙasa har ta yi fari-fari ta ƙi shuka. Salati kuma tunda ɗanye ake ci, ruwan wankin hatsi da mai tsabta kawai yake samu, a gindi, ba a kan ganye ba. Akwai wata dabara da na fi so: tulun ƙasa na gida, wanda ba a shafe ba, a binne shi har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi a rufe bakin. Yana tsattsafowa a hankali daidai wurin saiwa, rana ba ta samun rabonta. Nakan yi kwana biyu uku ban ƙara masa ba. Saman ƙasar kuma busasshen ganyen dogon yaro nake shimfiɗawa, don kara da ƙaiƙayi gara suke jawowa.

Inda muke yawan saɓawa da mutane shi ne abin da ya kamata a shuka. Kowa tumatir da albasa yake so, ni kuma ina ganin asara ce. Albasa wata huɗu zuwa biyar take zaune tana shan ruwa, ranar da ta nuna kuma 'yar Galmi ta cika kasuwa. Tumatir ma haka: lokacin da naka zai nuna, Janairu da Fabrairu, lokacin ne na Mirya da Gidimuni da kwarin Korama ke shigowa kwando-kwando har ana roƙon mai saye. Kai da fangali uku za ka yi gasa da mai fadama? Gindi huɗu na marmari sun isa. Ribar garkar gida a ganye take, abin da ake buƙata kaɗan-kaɗan kullum kuma ba ya jure kwana: salati, alayyafo, lalo, lawashi, na'a-na'a na shayi, tonka (barkono) gindi biyu. Alayyafo sati uku zuwa huɗu ka fara yanka, ya sake tohowa. Salati ba na tuge shi, ganyen waje nake ɓalla, gindi ɗaya ya yi ta bayarwa har zafi ya sa shi ya miƙe ya yi ɗaci. Lawashi ko iri ba na saye, albasar da ta tsiro a madafa nake binnewa. Sai zogale, gindi uku a kusurwa. In ya kai ƙugu ka sare kansa ba tausayi, in ba haka ba ya yi sama ya bar ka da kallo.

Ɓarayin garka kuwa, na farkonsu ƙadangare ne. Dare ɗaya ka yi sakaci, da hantsi ka tarar da tsiron salati an aske shi ƙwal. Tsohon sange da ya yayyage, wanda ba ya tare sauro kuma, shi na ɗinke na rufe fangalin, ya raba ni da ƙadangaru da kaji da tsuntsaye lokaci guda. Akuyar maƙwabta ita sai ƙyaure mai sakata da haƙuri, zumunci ya fi kabeji. Darɓa da farin ƙuda in sun sauka, 'ya'yan dogon yaro nake dakawa, in jiƙa su kwana, in tace, in ɗan sa sabulun gida, in yayyafa da yamma har ƙarƙashin ganye. Ba ya kashewa nan take, sai an maimaita duk sati. Amma na fi yarda da shi a kan kwalaben nan marasa takarda da ake sayarwa a faranti, mutum ya fesa yau gobe ya yanka wa 'ya'yansa. In guba za ka ci, me ya kai ka wahalar shuka?

Abin da ya fi wuya a koya shi ne tsayawa. Maris na shigowa, salati ya yi fure, sai in bar gindi biyu su bushe in karkaɗe iri in ƙulle a takarda. Sauran in tuge, in zuba taki, in rufe ƙasa, in bar ta ta huta. Ruwan alwala ya koma kan zogale da tonka kawai, su ma da inuwar tabarma. Wata uku tsakar gida ba abin ɗauka a hoto, kuma ba na jin kunya. Da ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, sai kuɓewa da yakuwa da rama da lalo, da kabewa da ake ɗora wa rumfa. Waɗannan ba su san bido ba. Kuɓewa kusan wata biyu ta fara, kuma sai an riƙa tsinka duk bayan kwana biyu tun tana ɗanya, rarar a yanka a shanya don miyar rani.

Iyayenmu na tuna yadda Janar Seyni Kunce ya matsa wa ƙasa kan noman rani bayan farin 1984, ko'ina aka kafa garkoki bakin tabki da rijiya. Mu 'yan birni sai muka ɗauka aikin mutanen ƙauye ne, muka shafe tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, har ruwan sama ma ba shi da inda zai nutse. Ni ma sai da na fasa daɓe taku shida kafin in samu ƙasa, magini yana kallona kamar na taɓu.

Salatin da kuka gani kwanansa 35 da dashe. Robar reno ta biyu kuma ta yi cunkoso, ta fi ƙarfin fangalina. Wanda ke kusa ya turo yaro da gwangwani bayan la'asar ya ɗiba, amma kafin Juma'a, don in suka wuce haka sun tsufa da dashe. Abokina mai tambaya, naka goma na ware, ka dai fara nemo tsohon sange.